Ɗiyar Tawa mai son karatun gini: ga amsar tambayarki

Wata ƙanwata daga Tawa ta aiko mini da tambaya. Ta ci jarrabawar bak ta kammala sakandare bana, ranta na kan karatun injiniyan gine-gine, amma baffanta, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinta, ya ce gini aikin maza ne, ta nemi karatun ungozoma ko koyarwa. Tana son ta san ko mace na daɗewa a wannan sana'a, ko magina za su ji maganarta, da kuma yadda ake yi da aure da goyo.

Ƙanwata, shekarata 16 ina shan ƙurar siminti tsakanin Yamai da garuruwan Adar, kuma amsata ita ce ki shiga. Sai dai ki shiga da idonki buɗe, don abin da ke korar mata daga gini ba shi ne abin da baffanki ke tsoro ba. Shi yana hango ki da buhun siminti a ka. Babu wanda zai ɗora miki buhu. Abin da zai iya cinye ki shi ne kujera mai laushi da na'urar sanyaya ɗaki.

Ranar da na fara zuwa wurin gini, wanda mu nan muke ce wa shantiye, mai gadi ya tare ni a ƙofa ya ce masu abinci sai azahar suke shiga. Na nuna masa takarda, ya juya ta sama da ƙasa, ya kira wani. Wanda aka kira ya yi mini fara'a sosai, ya kai ni wani ɗan ofis mai sanyi, ya ce rana ba ta dace da ni ba. Wata huɗu na yi a ɗakin nan ina buga wasiƙu a kwamfuta, ina jera takardu, ina amsa waya. Abokin karatuna da aka ɗauke mu rana ɗaya, wanda a aji ni ke yi masa bayanin lissafin ƙarfin rodi, yana waje yana baƙi kamar gawayi. Bayan wata huɗun nan ya san abin da ban sani ba: yadda kankare ke kama idan ruwa ya yi masa yawa, da yadda ake gane kafinta ya yi ha'inci a katakon da za a zuba ginshiƙi ciki. Babu wanda ya zage ni, babu wanda ya wulaƙanta ni. Da mutunci aka kusa mayar da ni sakatariya mai takardar injiniya. Na ga mata da yawa da aka yi wa haka, shekara biyar ta wuce, a zo raba muƙamin shugaban aiki a ce ai ba su da gogewa, kuma ba ƙarya aka yi ba.

Yadda na fita shi ne na nemi aikin da kowa ke gudu. Na ce a ba ni ƙidayar kaya a mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya: buhu nawa ya shigo, nawa ya fita, aka zuba shi ina. Wanda ke ƙirga siminti dole ya bi shi har inda aka kwaɓa, wanda ya je inda ake kwaɓi kuwa ya riga ya fita rana. Saboda haka shekara ukun farko, komai zafin watan Afrilu, ki kasance a waje. Ofis yana nan yana jiran ki, ba ya tsufa.

To, za su ji maganarki? Ranar farko, a'a. Amma ki sani saurayin da ya fito makaranta jiya shi ma ba sa jin tasa, dariya kawai suke ɓoyewa har ya juya baya. Magini mai shekara 30 da cokali a hannu ba takarda yake girmamawa ba, yana duba ne ko kin san abin da kike faɗi. Kuma wurin da ake gwada ki kusan kullum ɗaya ne, wato ruwan kankare.

Bari in tsaya nan kaɗan, don a nan mutuncinki zai tsaya ko ya zube. Kankaren ginshiƙi da na dakali (shimfiɗar kankare ta rufi ko ta bene), wanda aka saba rubutawa a takardun aiki, kilo 350 na siminti ne a kowace mita kubik (mita ɗaya a tsawo, faɗi da zurfi), wato buhu 7 masu kilo 50. A harshen masu kwaɓi, buhu ɗaya yana tafiya da baro ɗaya na yashi, baro biyu na tsakuwa, da ruwa kimanin jarka guda mai lita 25, a rage idan yashin jiƙaƙƙe ne. Kwaɓin da aka yi haka yana da tauri, yana gajiyar da hannu, yana buƙatar a girgiza shi da kyau kafin ya ratsa tsakanin rodi. Leburan da ya wuni a rana yana son kwaɓi mai gudu kamar kunu, sai ya faki ido ya ƙara bokiti biyu. Ruwan da ya wuce kima ba ya shiga aikin siminti, zama yake yi ya ƙafe ya bar ƙananan ramuka a ciki, ginshiƙin ya fito sumul a ido alhali ƙarfinsa ya ragu. Bayan an zuba kuma sai labarin ya juye: yanzu ne kankare ke son ruwa, safe da yamma, aƙalla kwana 7, domin siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwan yake sha a hankali, kuma sai kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. A ƙasar da zafi ke haura digiri 40, ga iskar hunturu mai tsotse laima, dakalin da aka zuba da safe aka manta da shi zai tsattsage kafin la'asar. Wato lokacin da ya kamata a hana ruwa suna ƙarawa, lokacin da ya kamata a ba da shi suna ƙyuya. Rabin aikinki ke nan.

Akwai wani dattijon magini, mutumin Illela, da muka yi aikin azuzuwan makaranta tare. Ranar da na ga yaransa suna tsinka kwaɓi, bakina ya yi ƙaiƙayi in ɗaga murya, Allah ya taimake ni na haɗiye. Na jira aka tashi sallah, na same shi gindin bishiya, na durƙusa na gaishe shi, na ce: “Baba, ina neman alfarma. A cika mini gwangwanin gwaji biyu, ɗaya da kwaɓin yaranka, ɗaya da nawa.” Ya yi murmushi irin na wanda ake ɓata wa lokaci, ya ce a yi mata. Aka kai su Yamai, ɗakin gwaje-gwajen gine-gine na ƙasa da ake kira LNTPB, inda inji ke matse su har su fashe. Da sakamakon ya dawo ban karanta shi gaban jama'a ba, na kai masa shi kaɗai. Ya daɗe yana kallon lambobin biyu, ya ce: “Ɗiyata, gani ya kori ji.” Daga ranar shi da kansa ke tsayawa kan jarka. Da na kunyata shi gaban yaransa, da gaskiyata ba ta amfane ni da komai ba, don ranar da ba na nan za su rama a jikin ginin.

Shi kuma ya koya mini abin da babu a littafi. Yana damƙar yashi ya murza a tafin hannu ya ce wannan na ƙoramar can ne, yana da laka, ba zai kama ba. Ni sai na zuba a kwalba da ruwa na girgiza na jira lakar ta kwanta a sama kafin in gano abin da hannunsa ya faɗa masa nan take. Ya nuna mini yadda ake daidaita tsayi daga kusurwa zuwa kusurwa da siririn tiyo mai ruwa, ba tare da wata na'ura ba. Ki nemi irin wannan uba a duk inda aka kai ki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abu na biyu da ke sa a ji maganarki, kuɗin ma'aikata ne. Lebura yana iya yafe miki tsawa, ba ya yafe a ci masa yini guda. In ke ke rubuta sunayen waɗanda suka zo aiki, ki rubuta da gaskiya, ki karanta da ƙarfi kowa ya ji, ranar biya ki tsaya har na ƙarshe ya karɓi nasa cif. Cikin wata biyu labarinki zai riga ki zuwa shantiye na gaba. Kada kuma ki ranci ko dala a hannun wanda kike duba aikinsa, kada ki karɓi goron mai kawo yashi ko na mai buga bulo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sa hannunki shi ne dukiyarki, kuma za a nemi sayensa da araha. Na taɓa aiki da wani ɗan kwangila da ya sa aka ɗaura rodi mai lamba 10 a inda zane ya ce 12, ya ce ai ba wanda zai gani bayan an zuba. Gaskiyarsa, ba a gani. Na ƙi sa hannu a takardar izinin zubawa, na rubuta dalili a littafin aikin yau da kullum da kwanan wata, na ɗauki hoto da mitar awo a jikin rodin. Ya ce taurin kai irin na mata ne, ƙarshen wata ya sallame ni. Na yi wata biyar a gida, ba zan ce miki da daɗi ba. Amma doka ta ɗora wa mai zane da mai gini alhakin ginin har shekara 10, kuma ranar da rufi ya faɗo kan 'ya'yan mutane sunan da ke kan takarda za a nema. Duk umurnin da aka ba ki da baki wanda ya saɓa wa zane, ki ce cikin ladabi a rubuta miki. Mafi yawan masu irin wannan umurni da sun ji zancen rubutu sai su canza magana.

Yanzu batun baffanki. Kada ki je masa da gardama, ki je masa da abin da ya sani. Ki tambaye shi wa ke yin daɓe a gidan da ya tashi. Mata ne ke taruwa da madaɓi, suna yayyafa ruwan makuba suna bugu suna waƙa har ƙasa ta yi santsi, su ne kuma ke jido ruwan kwaɓin ƙasa. Ki tuna masa aikin farfaɗo da ƙasa na Kaita da aka fara a 1984 da taimakon Italiya da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, lokacin da maza suka tafi bida bayan fari: matan Adar ne suka fi yawa wajen jidar duwatsun da aka tare ruwa da su a kan tuddai da ƙoramu, ana biyan su da abinci. Ba a ce aikin maza ba ne sa'ad da ake ɗaukar dutse a ka. Sai da aka zo riƙe zane da alƙalami maganar ta taso.

In yana son misalin da ido ke gani, ba sai an je nesa ba. A Dandaji, cikin jiharku, akwai masallaci da ɗakin karatu da ake kira Hikma, an gama su a 2018. Mariam Issoufou, 'yar Nijar da ta buɗe ofishin zanenta a Yamai a 2014, ita ta zana su tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili. An gina sabon masallacin da tubalin ƙasa da inji ke matsewa, tsohon kuma aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, tare da maginan gargajiya na yankin. Tsohon masallacin nan aikin Alhaji Falke Barmu ne, wanda masallacinsa na Yama ya ci kyautar Aga Khan ta zanen gini a 1986. Mariam ce kuma ta zana kasuwar garin mai inuwar faranti kala-kala. Mace ta zana masallaci, liman yana jan sallah a ciki. Abin da ya fi burge ni game da ita ma, da kwamfuta ta fara, sai daga baya ta koma karatun zanen gini. In da hali, ki roƙi baffa ku je ku yi azahar a can.

Wurin karatu ba zan tsawaita ba. A Yamai akwai EMIG, makarantar ma'adinai da masana'antu, a hayin kogi, tana da sashen gine-gine, kuma da gasa ake shiga, don haka ki dage da lissafi da kimiyyar fizik tun yanzu. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi tana koyar da fannin a cibiyarta ta fasaha. Mai hali na zuwa makarantar injiniyoyi ta 2iE a Wagadugu, mai son zanen gini da tsara birane kuma makarantar EAMAU a Lome. In makaranta mai zaman kanta ce, kafin ku biya ko sisi ki tabbatar gwamnati ta amince da takardarta, ki kuma leƙa ki gani ko suna da kayan awo da wurin gwaji, ko allo ne kawai da alli. Ki iya manhajojin kwamfuta na AutoCAD (na zane) da Excel (na lissafi) kamar yadda kika iya sunanki. Kuma ki ƙware a fitar da adadin kaya daga zane, wato ki kalli takarda ki ce bulo kaza, rodi kaza, siminti tan kaza, kuɗi kaza. Wanda ya iya wannan ba ya rasa aiki, kuma shi ne aikin da zai riƙe ki a watannin da jiki ya yi nauyi. Kowane hutu ki nemi inda za ki yi koyon aiki, ko ba a biya.

Sutura: ba wanda ya ce ki ajiye lulluɓinki, amma mayafi mai jan ƙasa da injin kwaɓi ba sa zama wuri ɗaya, kuma tsinin rodi yana kama duk abin da ke lilo. Ni ƙaramin hijabi nake sawa in cusa shi cikin riga mai dogon hannu da ta sauko gwiwa, da wando mai kauri, hular kwano a sama. Takalmin ƙarfe daidai ƙafar mace yana wuyar samu a kasuwa, in kin samu ki sayi biyu. Sai abin da ba a son faɗa: makewayi. Yawancin wuraren gini babu, maza suna zagayawa bayan katanga. Na yi shekara ina ƙin shan ruwa don kada in matsu, har ciwon mara ya kwantar da ni. Ranar farko ki shiga gidan maƙwabta ki gaida uwar gida ki ƙulla zumunci, kuma da zarar kin samu iko ki sa a haƙa makewayi mai ƙofa kafin a haƙa harsashi.

Masu kalamai za ki gamu da su, kuma abin mamaki ba leburori ba ne suka fi yawa. Su da sun saba da ke Hajiya ko Madam za su riƙa ce miki, su tare miki ɗan iska ma. Matsalar tana sama, wajen mai cewa ki zo otal da dare ku duba takardu, ko mai riƙe takardar biyan kuɗi yana cewa sai kun gana. Harkar aiki ki yi ta da rana, a ofis, ƙofa buɗe, in da hali da mutum na uku. Ki adana saƙonnin waya. Dokar ƙwadago ta 2012 ta haramta irin wannan matsin a wurin aiki, kuma akwai sufetocin ƙwadago a kowace jiha. Ba na ce kai ƙara abu ne mai sauƙi ba, amma wanda ya san kina ajiye shaida yakan nemi wata hanya ya bi.

Aure kuwa, a yi maganar tun ana zance, kada a bari sai an shafa fatiha. Ranar zuba dakali ba a tsayawa tsakiya, in an fara da asuba wani lokaci sai bayan isha, kuma a lokacin zafi da gangan ake zubawa da dare. Aikin hanya ko na madatsa zai kai ki daji mako biyu. Namijin da ya ce ya yarda, ki sa ya maimaita gaban waliyyinki. Mijina malamin makaranta ne, ya san ranar dakali shi ke sayo abincin dare, surukata kuma ta yi shekara uku tana ce mini matar leburori kafin na gyara mata ɗakinta da damina ke ci duk shekara. Doka ta ba ki hutun haihuwa na mako 14 da awa guda ta shayarwa kowace rana, amma a aikace wadda ke da kwantaragi a rubuce, aka kuma yi mata rajista a CNSS, asusun kula da ma'aikata na ƙasa, ita ke cin moriyarsa. Kamfanoni da yawa a wannan fanni da baki suke ɗaukar mutum, aiki ya ƙare a sallame shi. Ki nemi takarda tun farko, ki je da ƙafarki ki duba ko ana zuba miki kuɗin asusun. Da ciki ya tsufa ki bar hawa tsani da tsayuwa a ƙurar siminti, ki koma lissafin kaya. Wannan ne lokacin ofis, ke kika zaɓe shi.

Aikin yana da kaka da rani, wannan ma ki sani. Ke ganau ce a 2017 lokacin Tawa Sakola, da bikin ranar jamhuriya na 18 ga Disamba ya zo garinku, ko'ina gini, ko mai gadi sai an nema. Yamai ta ga irin haka kafin taron Tarayyar Afirka na 2019. Bayan biki sai a yi tsit. Wanda ya ci duka a lokacin kaka, shi ke sayar da babur da rani. In wata rana kika buɗe kamfaninki, rajista a Maison de l'Entreprise, ofishin rajistar kamfanoni, ba ta da wuya, abin da ke karya sababbi shi ne jiran biya: kin gama aiki, ma'aikata na ƙofar gidanki, takardarki na yawo daga tebur zuwa tebur, ga kashi 5 cikin 100 da ake riƙewa sai an tabbatar da lafiyar ginin. Ki fara da katanga, makewayin makaranta, gyaran gida. Kuma akwai kasuwar da maza ba su iya shiga: gidajen da ba a yarda namiji baƙo ya ratsa tsakar gida ba, da matan da mazansu ke Abijan ko Libiya suna aiko kuɗin gini ana cinyewa. Rabin ayyukana na farko daga bakin irin waɗannan matan suka zo, wata ta gaya wa wata a gidan suna.

Kafin sakamakon gasa ya fito, ki sayi mitar awo mai tsawon mita 5 da ƙaramin littafi mai bango mai tauri. Ki auna ɗakin mahaifiyarki ciki da waje, ki zana shi, ki ƙirga bulon da ya ci, sannan ki je inda ake gini a unguwarku ki gaida babban maginin ki tambaye shi ko lissafinki ya yi daidai. Zai ce kin manta kwaɓin simintin da ke tsakanin bulo da bulo. Ki gyara, ki kai wa baffa littafin ya gani.